Hannun Hagu a Ajin Malama Nhuan

Takardar ta kwana huɗu a jakar Malama Nhuan, a ninke biyu, tsakanin littafin tsara darasi da rigar ruwanta. Likitan babban asibitin lardi ne ya rubuta ta: hutun mako biyu, a sha magani, a dawo ya sake dubawa. Rubutun ba shi da aibu. Aibun yana can ƙasa, inda aka danna jan hatimi mai ɗauke da sunan sashen da ta je, wato sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. A garinsu ba mai ɓata bakinsa da wannan dogon suna. Ɗakin mahaukata ake cewa, a wuce wurin.

Abu ɗaya ya rage kafin takardar ta zama hutu, shi ne sa hannun shugaban makaranta.

Ranar Litinin ta iso bakin ƙofar makaranta da sauran minti biyar. Ta kashe babur ta sauka tana tura shi, kamar yadda dokar makaranta ta ce. Ba ta kai rumfar ajiye babura ba sai Baba Tuat mai gadi ya ɗaga makaɗi ya doki babbar gangar da ke rataye a baranda. Bugu uku, na shiga aji. Shekara ashirin da ɗaya tana jin wannan ganga kamar yadda mutum ke jin carar zakaran gidansa, amma tun farkon zangon nan, da an doke ta sai ƙirjinta ya tsuke kamar an ja zare an ɗaure bakin buhu. Ta riƙe kan babur ta tsaya tana ƙirga numfashi kamar yadda likita ya koya mata, yara suna wucewa da gudu da jajayen ƙyallayensu a wuya, kowa na rusunawa yana cewa, "Barka da asuba, Malama."

Ba koyarwa ce ta ishe ta ba, kuma wannan ne abin da ta kasa sa kowa ya fahimta. A rufe ta da yara arba'in da biyu da alli da labari mai kyau, za ta wuni ba ta nemi ruwa ba. Abin da ya cinye ta shi ne tarkacen da aka jibga a kan koyarwar: littattafan cikewa guda tara, taron da ake kira don a tsara wani taron, gasar aji mafi tsabta, gasar aji mafi ladabi, da wayar da ba ta hutawa saboda iyayen yara, wannan na tambayar dalilin da ɗansa ya ci bakwai bai ci takwas ba, waccan na turo hoton cizon sauro. A ranakun biki manya sukan hau mumbari su kira malamai masu fito, waɗanda ke tsallakar da yara kogi a kwale-kwale. Magana ce mai daɗin ji. Ba a dai taɓa jin wanda ya sauko daga mumbarin ya leƙa ya ga ko kwale-kwalen yana yoyo ba.

Da ƙirjin ya ɗan sake ta, ta nufi ofishin Malam Khiem.

"Malama Nhuan, shigo, zauna. Kin zo a daidai, yanzu na zuba ruwa a ganye."

Ya tsiyaya mata koren shayi a ɗan kofi. Malam Khiem ba mugun mutum ba ne. Saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma burinsa a duniya shi ne ya bar bangon ofishin nan ba wurin da za a kafa ƙusa saboda takardun yabo. Ta miƙa masa takardar da hannu biyu. Ya sa tabarau ya karanta, da ya kai ƙasa sai babban yatsansa ya sauka a kan jan hatimin ya rufe shi, kamar wanda ya ga kyankyaso a faranti a gaban baƙo.

"Wa ya gan ki a can?"

"Likita."

"Ban da likita."

"Mun kai mutum sittin a layi, Malam. Ba wanda ya ɗaga kai ya kalli wani."

Ya ajiye tabarau. "Kin dai san abin da ke tafe ranar Alhamis."

Ta sani. Baƙi biyar za su zo daga ofishin ilimi su ga ko makarantar ta cancanci a kafa mata allon nan mai ruwan gwal da aka rubuta wa Makarantar Farin Ciki. Za su zagaya, su duba furanni da banɗaki, sannan su zauna a bayan aji su kalli darasin nuni. Ita aka zaɓa ta yi darasin, kamar bara, kamar bara waccan.

"Ga ma wannan, tun da kin zo." Ya jawo wata takarda daga ƙarƙashin tire. Takardar tambayoyi ce da aka raba wa malamai a makon jiya: yaya kake ji da aikinka? Akwatuna biyar, daga "ina matuƙar farin ciki" zuwa "ina cikin ƙunci". "Malamai talatin da huɗu gare ni. Talatin da uku sun zaɓi na sama. Mutum ɗaya ya zaɓi na tsakiya."

"An ce kada a rubuta suna."

"Ba ki rubuta ba. Amma shekara nawa ina ganin yadda kike yin maki? Wutsiyarsa kullum tana lanƙwasa kamar ƙugiyar kamun kifi."

"Na tsakiyan ma, Malam, kunya ce ta sa."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ƙara mata shayi ko da ba ta taɓa na farkon ba, ya rage murya.

"Ki saurare ni, ƙanwata, don ke nake faɗa. Ki yi mana Alhamis. Ranar Juma'a ki koma asibiti, amma sashen ciki. Akwai yarona a can, ni na koya masa lissafi. Gyambon ciki, mako biyu, na sa hannu ko ban karanta ba. Amma wannan hatimin, in ya shiga fayil ɗinki, ya shiga ke nan. Akawu za ta gani, 'yar'uwarta tana sayar da kifi a kasuwa, kafin rana ta faɗi iyayen ajinki sun cika min ofis suna neman a canja wa 'ya'yansu malama. Ga 'yarki Quyen, an ce dangin saurayinta sun fara tambaye-tambaye. Kina so su ji cewa akwai irin wannan ciwo a gidan?"

Abin haushin shi ne babu ƙarya a maganarsa ko ɗaya.

"Cikina lafiya lau yake, Malam," in ji ta. "Shi kaɗai ne ma bai juya min baya ba. Na gaji da rubuta abin da ba shi ba ne. Rabin ciwon ke nan."

"Bayan Alhamis," in ji shi. Ya ninke takardar ya tura mata tare da ta tambayoyin. "Wannan kuma ki sake dubawa. Mai yiwuwa hannu ne ya zame."

Ranar Talata da Laraba aka yi gwajin darasi. Malama Thoa mai koyar da lissafi, wadda Nhuan ta girma da shekara goma, ita ta zauna a baya a matsayin baƙi, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya tana kaɗa kai irin na manya, yara suna danne dariya.

Darasin nuni yana da tsarinsa, kuma kowa a ƙasar nan da ya taɓa zama a kan bencin makaranta ya san shi. Da farko ana rage kaya: yara shida da ba sa ja sosai aka ce ranar Alhamis su je su taya mai ɗakin karatu jera littattafai. Sai a raba tambayoyi tun da wuri, wannan taka ce, waccan taki ce, a haddace. Sannan dokar hannu. Baƙi ba sa son ganin aji a mace, saboda haka kowace tambaya kowa sai ya ɗaga hannu. Wanda ya san amsa ya ɗaga dama. Wanda bai sani ba ya ɗaga hagu, malama kuma ba za ta taɓa kiransa ba. Daga bayan aji sai ka ga hannuwa sun tashi kamar karan rake, ka ce duk ƙasar ba yara masu kaifin waɗannan. Ba wanda ya san mafarin dokar. Ita kanta Nhuan ta ɗaga hagu tana 'yar shekara goma sha ɗaya, sau bakwai a darasi guda, aka yaba wa ajinsu a gaban tuta.

"Kai na bakin taga," in ji Thoa, "wanne ne hagunka? To me ya sa kake ɗaga na cin abinci, alhali ko sunanka sai an tuna maka?"

Da yara suka fita, Thoa ta zo ta zauna a kan tebur tana ɓare gyaɗa.

"Yaya, an ce wata 'yar tawaye ta zaɓi akwatin tsakiya."

"An ce."

"Ni na sama na zaɓa, har na ja layi biyu a ƙarƙashi. Ina cike takardar ina kuka, don farin ciki." Ta watsa gyaɗa a baki. "Da akwai akwatin da ya fi na sama, da shi zan zaɓa. Mutum ya tashi da asuba ya kai yara biyu, ya koyar da aji biyar, ya cike littafi tara, uban yaro ya zage shi a waya, in bai yi farin ciki ba ai butulci ne."

Nhuan ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta lura ɓawon gyaɗar yana zubewa daga hannun Thoa fiye da kima, amma hankalinta na kan nata ciwon, ba ta bi ta kai ba.

A gida, surukarta Inna Mui ta riga ta yanke hukunci tun tuni: muguwar iskar damina ce ta shiga jiki, kuma maganinta a kankare. Da yammar Laraba ta sa Nhuan ta kwanta rub da ciki a kan gadon gora, ta shafa mata man zafi a baya, ta ɗauko tsohon kwabon azurfa ta shiga karta daga wuya zuwa kwankwaso, layi bayan layi, har fatar ta yi jajayen zane kamar haƙarƙarin kifi.

"Kin gani ko? Ga ta nan tana fitowa. Dubi yadda ya yi ja. Maman Quyen, da kin zo tun farko da ba ki ɓata kuɗin mota zuwa birni ba."

"Mama, ko bayan wa kika karta haka sai ya yi ja."

"To ai kowa na da ita." Ta ci gaba da karta. "Ni ban gane muku ba. Kina aiki a inuwa, ga fanka, ga hutun wata biyu, ana rusuna miki a kasuwa. Mu da muka dasa shinkafa jiragen yaƙi na yawo a kanmu, ba wadda ta ce ba ta iya barci."

"Kuna barcin, Mama?"

Kwabon ya tsaya.

"Ba ma yi," in ji ta. "Amma ba mu je an buga mana hatimi ba. Juya wancan gefen."

Ranar Alhamis Nhuan ta sa doguwar rigar ao dai mai ruwan shuɗi, wadda wuyanta ya rufe zanen kwabon sai ɗan kaɗan. An wanke aji, an aro tukwanen furanni daga ofis, an jera kujeru shida a baya, kowace da gorar ruwa a gabanta. Baƙi suka shigo, Malam Khiem na biye da su yana murza hannu. Shugabarsu Malama Oanh ce, mace mai gajeren gashi da murmushin da ba ya motsi, wadda ta yi shekara goma sha biyar tana koyarwa kafin a ɗauke ta zuwa ofis.

Ganga ta buga. Nhuan ta dafa tebur da hannu biyu kamar mai duba littafi, ta ƙirga huɗu, ta ƙirga huɗu kuma. Yara talatin da shida suka zuba mata ido suna jira, kamar yadda suka saba jira kowace safiya tun farkon zango. Ba wanda ya taɓa ce musu su jira. Su dai sun ga tana buƙata.

Daga nan darasin ya tafi da kansa kamar keke a gangare. Yadda ake siffanta wurin da mutum ya tashi, shi ne batun. Ta yi tambaya, hannuwa suka tashi, ta zaɓi na dama, amsa ta fito sumul kamar an goge ta da dutsen guga. Ta yi barkwancin da aka tsara a minti na goma sha biyu, yara suka yi dariyar da suka yi jiya da shekaranjiya. Baƙi suna rubutu suna kaɗa kai, daidai yadda Thoa ta kwaikwaya. Tana jin muryarta tana fita da zaƙi, ita kuma kamar tana tsaye a gefe tana kallon wata mata mai shuɗiyar riga tana wasa.

Saura minti huɗu sai Malama Oanh ta miƙe.

"Malama, ki ba ni aron ajinki kaɗan." Ta tako gaba, ta juya ta fuskanci yara. "'Ya'yana, kun burge ni. Tambaya ɗaya gare ni, ba ta cikin littafi. Makarantar farin ciki daga malami take farawa. Wa ya ga cewa malamarku tana farin ciki da aikinta? Ya ɗaga hannu."

Wannan ba ta cikin gwaji. Yaran suka kalli juna, suka kalli Nhuan. Doka ta ce kowace tambaya kowa ya ɗaga hannu. Yarinyar da ke bencin gaba, monitar aji, ita ta fara. Ta ɗaga hagu. Na kusa da ita ya ɗaga hagu. Abin ya bi layi-layi har bango, har yaron bakin taga, wanda ya dubi hannuwansa biyu da kyau kafin ya zaɓa. Hannu talatin da shida a sama, babu na dama ko ɗaya.

Baƙi huɗu na baya suka yi murmushi, ɗaya har ya ɗaga waya ya ɗauki hoto. Malam Khiem ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

Malama Oanh ta bi hannuwan da ido daga wannan bango zuwa wancan. Macen da ta riƙe alli shekara goma sha biyar ba ta buƙatar a fassara mata. Nhuan ta ga idon ya tsaya, ta ga ya gane. Murmushin dai bai motsa ba.

"Madalla. Malama, kira mana ɗaya ya faɗi dalilinsa."

Nhuan ta dubi ajin. Yaran sun riƙe hannuwansu a sama sun amince da ita, don ba a taɓa kiran mai hagu ba. Hanya ɗaya tak aka koya musu ta faɗin gaskiya ba tare da an kunyata kowa ba, ita suka bi.

"Babu wanda zan iya kira a cikinsu, Malama," in ji ta.

Ta faɗa a sarari, yadda na baya ma za su ji. Ta tsaya tana jira a tambaye ta me ya sa. Ta shirya amsa, takardar likitan ma tana nan cikin littafin da ke gabanta. Tambaya ɗaya kawai take so wani babba ya yi.

Malama Oanh ta dubi agogon hannunta. "Gaskiya ne, lokaci ya ƙure. In aka kira ɗaya, sauran za su ji haushi." Ta buɗe littafinta ta rubuta, tana faɗa da ƙarfi don abokan tafiyarta: "Talatin da shida cikin talatin da shida." Aka tafa. Baba Tuat ya doki ganga.

Baƙi sun ci abincin rana a makaranta, dafaffiyar kaza da ganyen lemo da miyar ƙaguwa, aka raka su mota. Nhuan ba ta je ba. Ta zauna a benci a ƙofar ofis da jakarta a cinya har Malam Khiem ya dawo, fuskarsa ta yi ja da giyar shinkafa. Ya gan ta, ya buɗe ƙofa, bai ce ta shigo ba, bai kuma hana ta ba. Wannan karon bai zuba shayi ba.

Ta ajiye takardar a gabansa a buɗe, hatimin yana sama.

"Sun ce allon namu ne," in ji shi. "Sun ce ba su taɓa ganin aji mai son malamarsa haka ba."

"Kai ma ka gani, Malam."

"Na gani." Ya shafa fuska. "Har da wancan na bakin taga. Shekara biyu ana fama da shi ya bambance hagu da dama, sai yau ya ga dama ya iya."

"Ba zan je sashen ciki ba. In ba za ka sa hannu a wannan ba, ka faɗa min, gobe na zo na tsaya a gaban aji har ranar da zan faɗi. Ranar sai ka san abin da za ka rubuta."

Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya zaro alƙalami daga aljihu ya sa hannu, a hankali, cikakken suna, ya ɗauko hatimin makaranta ya danna kusa da na asibitin.

"Mako biyu daga gobe. Thoa za ta riƙe miki ajin."

"Thoa na da aji biyar."

"Yanzu tana da shida. Ina zan samo wani?" Ya jawo aljihun tebur na can ƙasa, wanda ke da makulli, ya sa takardar a ƙarƙashin wasu, ya kulle, ya jefa makullin a aljihun riga. "Wannan a nan za ta zauna. Akawu ba ta da aiki da ita."

Ta kai bakin ƙofa sai ta tuna, ta juyo tana laluben jaka. "Takardar tambayoyin nan, ban canja ba."

"Kada ki damu. Na ba su tun da safe. Na cike miki wata." Ya ɗan yi murmushin jin kunya. "Har wutsiyar na lanƙwasa."

Washegari, a farin allon ɗakin malamai, inda ake rubuta wanda ba ya nan, aka ga: Malama Nhuan, hutun jinya, gyambon ciki.

Ta samu hutunta. Kwana uku na farko ba abin da ta yi sai barci da shan magani da zama a tsakar gida tana kallon Inna Mui na tsince ganyen miya. Daga rana ta huɗu masu dubiya suka fara zuwa, kuma da yake kowa ya san maganin gyambon ciki, kowa da kwalbarsa ta garin gangamau da zuma. Malamai suka kawo, ƙungiyar iyayen yara ta kawo, uwar saurayin Quyen ta aiko da babbar kwalba mai jan ƙyalle a wuya, tare da saƙon cewa ciwon masu ƙwazo ne. Kafin mako ya cika kwalba goma sha ɗaya ne jere a ƙarƙashin teburin da ake jera hotunan kakanni. Kowane baƙo sai ya ba ta shawara: ta bar tsami, ta bar barkono, ta riƙa tauna abinci sosai. Sau biyu ta buɗe baki ta ce ba cikinta ba ne. Na farko aka ce haka gyambo yake, ba ya nuna kansa. Na biyu Inna Mui ta taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Thoa ce ta zo a ƙarshe, ranar Litinin ta biyu, a tsakiyar rana, lokacin hutun cin abinci. Ko hular babur ba ta cire ba. Ta dire tata kwalbar a kan tebur.

"Ga shi, Yaya, kada a ce ni kaɗai ce marar tarbiyya. An kafa allon. Ya fi ƙofar faɗi, sai da aka sare reshen bishiya. Yaranki suna gaishe ki. Na tambaye su wa ya gane darasina, duk suka ɗaga dama, munafukai."

Nhuan ta zuba mata shayi. Thoa ta ɗauki kofin, ya shiga kaɗawa a hannunta har shayin ya zuba a kan wandonta. Ta ajiye shi da sauri ta rufe hannun da ɗayan. Su biyu suka kalli inda ya jiƙe.

"Tun yaushe?" in ji Nhuan.

"Tun kafin bikin sabuwar shekara." Thoa ta leƙa ƙofar kicin ta ga tsohuwar ba ta kusa. "Yaya, wannan likitan cikin naki. A wane bene yake?"

"Ke ma gyambon ne?"

"Da alama yana yawo a makarantar. Bara Malam Bang, bara waccan Malama Luyen. Ruwan tankin ne, ina ji."

Nhuan ta tuna aljihun tebur na can ƙasa, da takardun da ta ga an sa tata a ƙarƙashinsu. Ta yage takardar da aka naɗe kwalbar da ita, ta rubuta: bene na uku, ƙofar ƙarshe ta hagu, motar ƙarfe shida, a je da katin asibiti.

"Kada ki je Talata," in ji ta. "Talata Malam Bang ke zuwa a duba masa nasa gyambon. Ya fi so kada a gan shi, ni ma da na gan shi ban gan shi ba."

Thoa ta ninke takardar ƙanana-ƙanana ta cusa a cikin hular babur.

"In na tafi hutu, wa zai riƙe aji shida?"

"Ni. Ranar Juma'a nake komawa."

Daga can ƙetaren gonakin shinkafa sautin ganga ya iso, siriri, bugun gargaɗi na darasin rana. Su biyun suka dafa tebur a tare. Thoa ce ta fara saki, ta miƙe tana neman makullin babur, don ajin Nhuan ne da ita yanzu, kuma saura minti biyar.